Gyaran Banɗakin Yara a Gidan Taro: Yadda Muka Yi Namu a Aboabo

Yara biyar ne ke amfani da banɗakin da ke ƙuryar tsakar gidanmu a Aboabo, unguwa a Kumasi ta ƙasar Ghana: uku nawa, biyu na ƙanin maigidana. Babbar cikinsu shekararta 12, auta bai cika uku ba. Kafin mu gyara shi, kullum da safe sai an yi shari'a a bakin ƙofar nan. Wannan na ciki tana wanka, wancan na dukan ƙofa fitsari ya matse shi, wani na kuka an ɗauki sosonsa, ni kuwa ina gaban murhu ina raba gardama da baki. Ƙasan kuma ya yi kore da gansakuka, ruwa na kwana a kusurwa ɗaya. Ranar da autana ya zame ya fasa haɓa, ranar na ce wa maigidan ko dai a gyara, ko in koma yi musu wanka a tsakar gida.

Maigidan direba ne, rabin wata yana hanyar Tamale da Bawku, don haka ni na tsaya a kan aikin. Sau biyu muka yi ƙasan, saboda na farko ya lalace. Abin da zan faɗa a nan yawanci daga kuskuren farkon na koye shi.

Ku fara da kallo, ba da guduma ba

Ku ɗauki mako guda kuna lura da yadda yaran ke shiga da fita. Wa ke daɗewa, me yake yi a ciki, ina suke ajiye sabulu, ina ruwa ke taruwa, wa ke buƙatar a taimaka masa. Ni da na lura sai na gane cewa layin safiyar nan ba na wanka ba ne. Cikin biyar ɗin, a kowane lokaci ɗaya ne ke son wanka. Sauran fitsari ne, ko goge baki, ko alwala. Duk sun taru a ƙofa ɗaya ne don komai yana ɗaki ɗaya. Wannan ganewar ita ta canza mana tsarin gaba ɗaya.

A makon nan kuma ku rubuta shekarun kowane yaro, ku ƙara masa biyar. Yaro yana girma, siminti ba ya girma. Duk abin da za a kafe da siminti, a yi shi daidai da tsayin babba. Abin da ake iya ɗagawa, kamar ɗan benci, maratayi da madubi, shi ake yi daidai da yaro. Na ga gidan da suka kafa ɗan ƙaramin wurin wanke hannu mai kyau ƙasa-ƙasa don 'yan biyunsu; yau yaran sun shiga sakandare, sai sun rusuna kamar masu ruku'u.

Izini da kuɗi

In gidan gado ne irin namu, ku zauna da manya tukuna. Surukata da na kai mata maganar cewa ta yi, "'Yata, a yi, amma kada masai ya fuskanci alƙibla." Ta yi gaskiya, kuma gara a ji shi kafin a binne bututu. A Kumasi alƙibla gabas take, ta ɗan karkata arewa, saboda haka a juya mazaunin ya kalli kudu ko arewa. In haya kuke, kada ku fasa ko bulo ɗaya sai mai gida ya amince a rubuce, an kuma faɗi ko za a cire kuɗin daga haya. Mu nan da ake karɓar kuɗin shekara biyu gaba, mutum zai iya zuba dukiyarsa a gidan wani, wa'adi na cika a ce ya tashi.

Kan kasafi, shawarata ita ce fiye da rabin kuɗin ya tafi a abin da ido ba zai sake gani ba: bututu, magudana, maganin hana yoyo da ladan gwanin ma'aikaci. Tayil da famfo masu ƙyalli su ci saura. Ku ware kamar kashi 15 cikin 100 a gefe, don da zarar an fasa ƙasa sai an tarar da abin da ba a zata ba. Mu tsohon bututun ƙarfe muka tarar, tsatsa ta cinye shi saura ƙiris. Kayan aiki ku je ku saya da kanku tare da ma'aikacin. Ladansa a raba uku: na kama aiki, na bayan gwajin ruwa, na ƙarshe. Ku biya ta Momo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, shaida na nan a waya.

Lokaci mafi kyau shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, don daminar Kumasi biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma haƙa rami cikin ruwan sama wahala ce. Sai dai hunturu na busar da siminti da wuri, dole a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Ku kafa ɗan shinge na kwano a wani lungu inda yara za su yi wanka mako biyu zuwa uku.

Awo da rabon ɗaki

Ɗakinmu tsawonsa mita 2.4, faɗinsa mita 1.5. Muka ja katanga da bulo mai inci 4 muka raba shi biyu, kowane da ƙofarsa. Masai ya samu faɗin santimita 95, wurin wanka ya ɗauki saura. Kada masai ya gaza santimita 80 a faɗi, kada wurin wanka ya gaza 90 a kowane gefe, in da hali ya fi haka, domin uwa za ta shiga da yaro da bokiti ta durƙusa. Ku gwada da kanku: ku zana shi da alli a tsakar gida, ku tsuguna a ciki da baho, ku ga ko gwiwar hannu na taɓa layi.

Wurin wanke hannu da goge baki kuwa waje muka fitar da shi, jikin bangon tsakanin ƙofofin biyu, ƙarƙashin 'yar rumfa. Gefensa muka sa famfo ƙasa-ƙasa da ɗan dakali don alwala. Yanzu mutum uku na biyan buƙata lokaci ɗaya, ba wanda ke jiran wani. In kuɗinku ba zai kai komai ba sai abu ɗaya, wannan rabon za ku yi.

Katangar tsakiya ta kai aƙalla mita biyu. Yara maza da mata ne ke amfani da wurin, kuma yarinya mai shekara 12 tana da haƙƙin ta yi wanka ba tare da fargabar wani ƙanin ya leƙo ta sama ba. Namu mun bar ɗan fili tsakanin katangar da rufi don iska, amma sama da inda yaro zai kai ko da ya taka bokiti.

Ina ruwan zai tafi?

Kafin a zaɓi launin tayil, a amsa wannan. Ruwan masai daban, ruwan wanka daban, kuma bai kamata su bi hanya ɗaya ba. Gidaje da yawa a zango yanzu sun koma bayodaijesta, wato ɗan akwatin kankare da ake binnewa kusa da masai: ƙazanta na tsayawa a kan matacin ciki, ƙananan halittu na cinye ta, ruwan kuma ya tsiyaye zuwa ramin tsotsewa. Yana da daɗi a gidan da ba fili kuma motar kwasa ba ta iya shiga lungunsa. Amma in aka juya masa ruwan wankan yara biyar, zai cika ya daina aiki, haka ma in ana ɗura masa farazon mai yawa, wato ruwan bilic na wanki. Ruwan wanka a yi masa nasa ramin.

Mu da ke kusa da rafin Aboabo mun san ruwa yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, kuma da damina yana tasowa. A irin wurin nan gara a ɗaga akwatin sama, a ɗaga daɓen masai da taki ɗaya, da a binne shi ya nutse. In akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta, ramin ya nisance ta. Abin da masana lafiya suka fi bayarwa shi ne mita 30. Ku leƙa ofishin duba-gari, waɗanda muke kira tankas, a majalisar Asokore Mampong ko ta yankinku. Shirin ruwa da tsafta da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ya fara a Accra aka faɗaɗa shi zuwa Kumasi da kewaye, ya samar wa gidaje masai a kan rangwame, saboda haka tambaya ba ta da asara.

Bututun masai mai inci 4 ne, ya riƙa gangara kamar santimita 2.5 a kowace mita. In gangaren ya yi kaɗan ƙazanta ta kwanta, in ya yi yawa ruwa ya gudu ya bar ta. Na wanka da wanke hannu inci 2 ya isa. Kowace magudana a sa mata gwiwar nan da ke riƙe ɗan ruwa a ciki, don ruwan shi ke tare wari da kyankyasai. A kuma fitar da bututun shaƙar iska ya wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Bututun Interplast ko Duraplast da ake yi a nan ƙasar sun wadatar, ku dai duba kauri. Akwai marasa suna a kasuwa da in ka matsa da yatsa sai su lotsa.

Ƙasa: a nan ake cin riba, a nan ake asara

Ga abin da ya same ni. Ma'aikacin farko ya shimfiɗa tayil cikin kwana biyu, ya yi kyau kamar na otal. Da aka zuba bokitin farko, sai ruwa ya juya wa rariya baya ya nufi ƙofa. Na ce, "Malam, ruwan nan fa ba ya tafiya." Ya ce, "Hajiya, ai tsintsiya za a riƙa sawa." Na dube shi na dubi kuɗina. Wata huɗu muna sharar ruwa, bangon ɗakin da ke maƙwabtaka ya fara kumbura yana zubar da fenti, sai da aka fasa aka sake.

Ga yadda aka yi na biyun, kuma haka za ku nema. Bayan an kwashe tsohon daɓe, aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta yi gaba da ɓaraguzai, an binne bututu, sai a toshe bakunansu a buɗe ruwa a bar shi kwana guda a ga ko wani haɗi na ɗiga. Sannan a zuba daɓen siminti mai gangare zuwa rariya, santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita. Rariyar a kusurwar da ta fi nisa da ƙofa. Daɓen wurin wanka ya yi ƙasa da bakin ƙofa da kamar santimita biyu. In ya sha iska, a shafa maganin hana yoyo, irin wanda ake kwaɓawa a shafa da buroshi, shafi biyu, na biyu ya gicciye na farko. Ya hau bango aƙalla santimita 15 ko'ina, a wurin wanka kuwa ya kai mita 1.8, domin yara ba ƙasa kaɗai suke jiƙawa ba. Kusurwoyi da gindin bututu a ƙara musu kulawa, ta nan yoyo ke farawa; sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai gwaji. A toshe rariya, a cika ƙasan da ruwa kamar santimita uku, a yi alama da fensir a bango, a bar shi kwana biyu. In ruwan ya sauka sosai ko bayan bangon ya jiƙe, a sake shafi. In ya tsaya, a buɗe rariya ku tsaya ku kalla: ya tafi duka da kansa, ba tare da tsintsiya ba. Sai a nan za ku biya kaso na biyu. Ma'aikacin da ya ce gwajin ɓata lokaci ne, ku sallame shi tun da sauran mutunci.

Tayil na ƙasa kada ya zama mai sheƙi, komai kyansa. Ku tafi shago da gorar ruwa, ku jiƙa shi, ku goga tafin hannu. In hannu ya zame, ƙafar yaro mai sabulu ba za ta tsaya ba. In kwalin na ɗauke da alamar R10 ko R11, wato ma'aunin rashin santsi, shi ake nema. Ƙanana sun fi manya a ƙasan wanka, kamar mai santimita 30 ko ƙasa da haka, don sun fi bin gangare, kuma yawan layukan tsakaninsu na riƙe ƙafa. Launi kuwa, fari fat yana tona jar ƙasar Kumasi, baƙi yana tona busasshen sabulu. Ruwan toka ko ruwan ƙasa ya fi rufa asiri. Ku ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awo, ku adana ragowar, don bayan shekara ba lallai a samu irinsa ba. In an gama, ku bi shi kuna ƙwanƙwasawa da mabuɗi. Wanda ya yi ƙarar fanko babu siminti a ƙarƙashinsa, a cire shi tun yanzu.

Zanen kifi da agwagwa a tayil, ni dai ban goyi baya ba. Ku sayi na mannawa, ranar da suka girma a ɓare.

Masai, famfo da ruwa

Na tsugunno ya fi sauƙin wankewa, kuma bokiti ɗaya ya kore shi ko famfo bai kawo ba, amma ƙafar ƙaramin yaro na iya zurmawa. Na zama tsayinsa kamar santimita 40, ya yi wa ɗan shekara uku tsawo, sai a haɗa masa ɗan benci da zoben roba mai rage faɗin baki. Mu na zama muka sa, don surukata ma na amfani da shi kuma gwiwa ta fara ba ta wahala. Ku zaɓi mai maɓalli biyu, na ruwa kaɗan da na ruwa da yawa. Famfon cika buta a dama da mai zama, kamar santimita 45 daga ƙasa, da ƙugiyar rataye butar don kada ta kwana a daɓe.

Wurin wanke hannu a santimita 80 zuwa 85, a kafe shi da ƙusoshi masu ƙarfi, domin ko kun hana sai sun rataya a jikinsa. Famfo mai hannun ɗagawa ya fi na murɗawa ga hannu mai sabulu. Kowane famfo a sa masa makashi nasa, yadda in ya lalace ba sai an kashe ruwan gida duka ba.

Ruwan kamfani ba kullum yake zuwa ba, tanki dole ne. Ku tuna lita 1000 nauyin tan guda ce, saboda haka ƙafar da za ta ɗauke shi aikin gwani ce. In kuna son shawa ta yi ƙarfi, gindin tankin ya ɗara kan shawar da kamar mita biyu.

Maganar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce bokiti. Yaro mai tatata kansa ya fi jikinsa nauyi. In ya leƙa bokiti ya kifa, ba ya iya fitowa, ba ya kuma iya kuka. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya kashe shi. Kada a bar ruwa a bokiti ko baho a banɗakin yara. An gama, a zubar, a kife. In dole sai an tara, a duro mai murfin da ke kullewa, a waje. Kuma kada a bar wa 'yar shekara bakwai tsaron jariri a cikin ruwa da sunan "yanzu zan dawo".

Da hunturu in za a sirka, ruwan sanyi ake fara zubawa, sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Na ƙaramin yaro digiri 37 zuwa 38 ne, ɗumin jiki. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti ba ta shiga gidana. In za ku kafa ta bango, a haɗa mata abin sirkawa yadda ruwan da ke fita a famfo ba zai wuce digiri 49 ba.

Wuta, iska da ƙofa

Wutarmu bolt 230 ce, jiƙaƙƙen yaro kuma ba takalmi. Makunni a waje, soket ko ɗaya kada a sa a ciki, ƙwai ya zama mai rufaffen gilashi. A sa na'urar nan mai katse wuta da kanta in ta fara bin jiki, mai miliamfiya 30, a tabbatar da wayar ƙasa tana aiki. Tun dokar wayarin ta 2011, Hukumar Makamashi ce ke ba masu wannan sana'a lasisi. Ku nemi ganin katin, kada ku ba ɗan maƙwabta mai gwaji. Saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta, na rataye fitila mai caji can sama, don yaron da ke tsoron duhu ba zai je masai ba, a katifa zai yi.

Taga sama-sama, mai luba, da ragar sauro. Ɗaki mai iska ya bushe da kansa, gansakuka ba ta samun wurin zama.

Ƙofar katako ruwa da gara za su cinye gindinta cikin 'yan shekaru. Ta roba mai kauri ko ta alminiyam ta fi. Ta buɗe waje, don in yaro ya faɗi a bayanta a iya kai masa. Sakata kuwa irin wadda ake iya buɗewa daga waje da kwabo ko bakin cokali. Autana ya taɓa kulle kansa da tsohuwar sakatar ƙarfe, yana ciki yana ihun "Mma! Mma!", ina waje ina lallashi ta ƙasan ƙofa, sai da kafinta ya zo ya cire ƙofar ɗungurungum. Na kuma sa ƙugiya a waje, sama da inda zai kai, don kada ya shiga shi kaɗai. Aibinta ɗaya: manyan sun gano ana iya kulle ɗan'uwa a ciki. Wannan ba aikin kafinta ba ne, aikin baki ne, kuma na yi shi.

Kayan kowa da nasa

Maratayi biyar, kowane da launinsa, a waje inda rana ke bugawa, ba cikin laima ba. Kowane yaro da tawul ɗinsa, da sosonsa, da ɗan kwandon roba mai huji na buroshi da sabulu. Ba don ado ba: makero da ƙazuwa ta tawul da soso suke zagaya gida, haka ma ciwon idon nan Apolo, wanda a Ghana ya fara ɓulla a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, ya samo sunansa daga kumbonsu. In ya kama ɗaya a gidan da ake tarayyar tawul, cikin mako kowa ya yi jan ido.

Farazon, garin sabulu da ruwan wanke masai, a akwati mai kwaɗo sama da mita ɗaya da rabi, kuma kada a taɓa juye su a gorar lemo ko ta ruwan sha. A gaya wa manyan yaran da ke taya wanki cewa ba a haɗa farazon da ruwan wanke masai mai asid; hayaƙin da ke tashi guba ne, a ɗan ƙaramin ɗaki yana iya shaƙe mutum. Reza da almakashi ma can sama.

Kafin ku biya kason ƙarshe, ku bar abin cike layukan tayil ya yi kwana biyu ko uku, sannan ku saki yaran duka su yi wanka ɗaya bayan ɗaya kamar safiyar makaranta. Ku koma bayan rabin sa'a da busasshiyar takarda. Ku shafa ta ƙarƙashin wurin wanke hannu, gindin masai, da kowane haɗin famfo. Ku zagaya bayan bango ku taɓa. Ku kora masai sau uku a jere, ku saurara ko rariyar wanka na gurnani. In tana yi, bututun iska ne bai yi daidai ba. Namu a wannan gwajin ne muka gano famfon buta na ɗiga ta baya, mai aikin ya kwance shi ya sake naɗa masa zare, sannan na tura masa cikon kuɗinsa.